Garin da Ake Kira Riga

Ran da Kefas ya ce mini Riga za shi,
na ce wace riga, ta babanka da ke cikin adaka?
Ya yi dariya har ya ƙware da kunu.
Gari ne, Mama, a ƙasar Latbiya.
Na ce to, garin da ya ci sunan sutura
ai ba ya barin baƙo tsirara.
Ban san ya riga ya sa hannu a takarda ba.

Wata ikilisiya ce a Amurka ta ɗauki nauyi,
mutanen da ban taɓa gani ba sai a hoto,
tsaye bayan tebur cike da irin wainarsu,
suna sayarwa don ɗana ya sami kuɗin haya.
Su da kuɗi, na Latbiya da ɗakin sujada,
ni kuma da ɗa.
Ba wanda ya rubuta sunana a yarjejeniyar.

Na ƙulle masa daddawa da kuka da yaji.
Kilishin, a filin jirgi aka ƙwace.

Ashe ba ma cikin Rigar ba ne, can gefe ne,
ƙauyen da bas ke leƙawa sau biyu a yini.
Cocin katako, benci ashirin, masu sujada goma sha ɗaya,
tara daga cikinsu sun girme ni.
Kafin ya buɗe Littafi sai ya faskara itace,
ya hura murhu, ya jira yatsunsa su dawo nasa.
Rana, in ji shi, takan faɗi a can
tun ladanin Tudun Wada bai kira la'asar ba.

Babana ya yi wa Turawan mishan kuku a nan Wusasa.
Yakan ba mu labarin wani da ya hau bagadi,
zai ce ku tuba, ya ce ku tuɓe,
dattawa suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa.
Yau jikansa ne a gaban masu furfura
yana tauna harshensu kamar shinkafa mai tsakuwa,
su ma suna sunkuyar da kai.
Ashe dariya ma bashi ce.

Duk wata uku Amurka na son rahoto:
rai nawa aka samu?
Ya ce, Mama, me zan rubuta?
Na binne mutum biyu. Na toshe yoyon rufi.
Wani mashayi ya bar ni na zauna kusa da shi.
Na ce rubuta hakan.
Bara kwamitinsu ya zauna, aka datse rabin kuɗin.

Sai wata tsohuwa, Dzidra,
ni dai Jidda nake ce mata, harshena ya huta,
wadda ta ɓoye Littafinta cikin buhun dankali
a shekarun da sujada ke jawo tambaya,
ta fara ajiye masa baƙin burodi da zuma a bakin ƙofa.
Ba sallama, ba jiran godiya.

Ita ce ta saƙa mini safar hannu ta ulu, ja da fari.
Ta iso Zariya a tsakiyar bazara,
kwalta na narkewa a Sabon Gari.
Maƙwabciyata Hajiya Tabawa ta juya ta, ta sake juyawa,
ta ce, Afiniki, matar nan ba ta san Zazzau ba.
Na ce ni ma ban san garinta ba,
amma ɗana na cin tuwonta.

Da ita nake sauke tukunya yanzu.
Babban yatsan ya ɗan ƙone.

Na aika mata da zane, shuɗi, rinin gargajiya,
wanda ba zai tare mata sanyin minti ɗaya ba.
Kefas ya ce ta shimfiɗa shi a teburin Jibin Ubangiji,
har ya bar wa gurasar ɗan shuni a ƙasa,
kuma haka suka ci.

Na tambaye shi yaushe zai dawo.
Layin ya yi ta ƙara, ban ji ba,
ko kuwa bai faɗa ba.
Na fita kwashe shanya.
Rana na nan tukuna, zaune a kan Kufena.